Libarbar Dala 3,000: Ina Kuɗin Suke Tafiya, Kuma Me Za Ta Tsinana Mana a Sakkwato?

A kasuwar Amurka, libarbar da kamfanin Uberti ko Pietta suke ƙerawa a lardin Brescia na Italiya ana samun ta da dala 500 zuwa 700. Ruger Blackhawk ba ta cika haura dala 1,000 ba. Amma ƙirar Model 83 ta kamfanin Freedom Arms, sai mutum ya ajiye abin da ya kai dala 3,000 ko kusa da haka, sau da yawa kuma ya yi jiran watanni kafin a gama masa ita. Dukansu tsarinsu ɗaya ne, wanda duniya ta sani tun 1873 lokacin da sojan Amurka suka karɓi Colt Single Action Army: sai ka ja guduma baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Ɗana-ka-harba ke nan. Manyanmu da suka tashi da finafinan kaboyi sun san siffarta, matasanmu kuma suna ganin ta a YouTube tana ƙyalli a hannun masu tallata ta, har wani ya fara lissafin ko nawa za ta kama da naira.

Ra'ayina shi ne tsadar tana da dalili, kuma dalilin ana iya auna shi da ma'auni. Sai dai mutanen da wannan dalili zai amfana ba su da yawa ko a can Amurkan, a Sakkwato kuwa babu su kwata-kwata. Duk wanda ya kawo maka maganarta a matsayin kayan kare kai daga 'yan bindiga, ko bai san bindigar ba ko bai san doka ba.

Kafin a yi maganar farashi sai an san abin da ke faruwa a cikinta. Akwai ganga mai ramuka shida ko biyar, kowane rami da harsashinsa, tana juyawa a kan wani sandan ƙarfe da ya ratsa tsakiyarta. Idan aka ja guduma baya, abubuwa uku ne suke faruwa kusan lokaci ɗaya. Wani ɗan yatsan ƙarfe ya tura gangar ta juya, wani ɗan haƙori ya taso daga ƙasa ya faɗa cikin tsagar da ke jikin gangar ya kulle ta, sannan kunama ta riƙe gudumar. Kunamar ba ta da wani aiki sai sakin guduma, shi ya sa take da laushin ja. Da an harba, harsashi zai fita daga ramin ganga, ya tsallake 'yar tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, ya shiga bututun ta wani ɗan mazurari da aka sassaƙa a gindinsa.

A wannan tsallaken ne rabin kuɗin suke. Bindiga mai bututu ɗaya da gidan harsashi ɗaya ba ta da wannan matsala, domin an haƙa su a jere tun farko. Libarba kuwa gidaje biyar ko shida ne suke karɓa-karɓa a bakin bututu guda, kuma kowannensu dole ya tsaya daidai tsakiya. Idan rami ya kauce ko da kaɗan, harsashin zai daki gefen mazurarin, gefensa ɗaya ya karce, ya shiga bututu a karkace. Abin da ake gani daga waje shi ne ɓurɓushin darma yana fetso wa wanda ke tsaye a gefe, ga kuma harbin da ba ya taruwa wuri ɗaya: harsasai huɗu su faɗa kusa da juna, na biyar kullum ya ware.

Manyan masana'antu suna haƙa ganguna da yawa a inji, sannan a ɗauko ɗaya a haɗa ta da kowane gangar jiki da ya zo hannu. Injinan zamani sun ƙware, saboda haka yawanci abin yana zuwa daidai gwargwado, amma kuskuren ganga da kuskuren jiki suna iya haɗuwa su ƙaru. Freedom Arms, wanda Wayne Baker ya kafa tare da Dick Casull a 1978 a wani ƙaramin gari mai suna Freedom a jihar Wyoming, ya bi wata hanya mai cin lokaci. Ana saka gangar tun ba ta da ramuka cikin ainihin jikin da za ta zauna a ciki har abada, a kulle ta da ɗan haƙorinta, sannan a zura abin haƙa ta ƙofar da bututu zai zauna a fara ramin. A juya, a kulle, a fara na gaba. Ta haka kowane rami yana fuskantar bututu ne bisa ga yadda wannan bindigar take kulle gangarta, ba bisa ga zanen takarda ba. Shi ya sa gangar wata ba ta shiga wata, kuma mai son ƙarin ganga sai ya mayar da bindigar masana'anta an yi mata tata. Aiki ne na hannu, bindiga ɗaya bayan ɗaya, kuma ladan gwanin maƙeri a Amurka ba ƙarami ba ne.

Sai ita tazarar kanta. A yawancin libarba tana kaiwa tsakanin inci 0.004 zuwa 0.008, wato wajen milimita 0.10 zuwa 0.20. A Freedom Arms takan tsaya wajen inci 0.002, milimita 0.05 ke nan, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Duk iskar albarushin da ta tsere ta wannan tazara ƙarfi ne da bai tura harsashi ba, kuma ita ce take cin ƙarfen saman jiki da gindin bututu sannu a hankali. Matse ta yana ƙara gudun harsashi kaɗan, yana kuma sa gudun ya zama iri ɗaya daga harbi zuwa harbi, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga mai harbin nesa.

Sauran rabin kuɗin ƙarfi ne. Harsashin .45 Colt na asali yana aiki ne da matsin da bai wuce fam 14,000 a kan kowane inci murabba'i ba. Na .44 Magnum ya kai 36,000. Na .454 Casull, wanda domin shi aka ƙera Model 83 a 1983, an yarje masa har 65,000, matsin da aka saba gani a manyan bindigogin farauta masu dogon bututu. Tsohon .45 Colt yana jefa darma mai nauyin wajen giram 16 da gudun mita 260 a daƙiƙa, .454 kuwa yana jefa mai giram 19 da gudun da ya kusa mita 490. Ƙarfin dukan ya ninka wajen sau huɗu. Domin Model 83 ta jure wannan na tsawon shekaru, an zaɓi ƙarfe mai tauri wanda ba ya tsatsa, an gasa shi yadda ya kamata, an kuma rage ramukan ganga daga shida zuwa biyar. Hikimar biyar ɗin ba kaurin bango kaɗai ba ce. A ganga mai shida, tsagar da ɗan haƙori yake faɗawa tana zuwa ne daidai kan rami, wato a wurin da bango ya fi siranta. A mai biyar tana faɗawa tsakanin ramuka biyu, inda ƙarfe ya fi kauri. Wannan tunani ne na mutanen da suka san inda ganga take fashewa.

Har nan ba ni da ja. Araha ba ta ado, kuma wanda ya ce bambancin suna ne kawai bai taɓa duba ma'auni ba. A hannun gwani, daga kan teburi, irin wannan libarba takan tara harsasai biyar cikin inci ɗaya a nisan yadi 25, yayin da Ruger ta kasuwa takan tsaya wajen inci biyu. Tambayar ita ce wa zai ga wannan bambanci. Mai harbi a tsaye da hannu biyu, rawar hannunsa da yadda yake matsa kunama sun fi inci ɗaya nesa ba kusa ba. Bindigar ta fi mai ita iyawa, kuma haka abin yake ga mafi yawan masu sayen ta. Ga kuma bugun baya na .454, wanda yake sa mutum ya fara runtse ido da fizge hannu tun kafin harbi ya tashi, ɗabi'ar da idan ta kama mutum cire ta sai an sha wahala. Da yawa daga masu ita suna komawa ga harsashi mai sauƙi, wato suna biyan kuɗin ƙarfin da ba sa amfani da shi.

Matsewar nan kuma tana da nata haraji, wanda masu talla ba sa tsayawa a kai. Idan tazara ta yi ƙanƙanta, toka da darmar da ke manne wa fuskar ganga bayan harbi da yawa sun isa su cike ta, sai gangar ta fara ja, guduma ta yi nauyi, a ƙarshe ta ƙi juyawa sai an goge. Ramukan ganga ma a matse suke, saboda haka harsashin da ya ɗan kumbura ko ya ɗan yi datti, wanda Ruger za ta haɗiye ba gardama, a nan sai ya tsaya rabi. Akwai wani kuskure da ake yawan yi. Kwanson .45 Colt ya fi na .454 gajarta amma faɗinsu ɗaya, don haka yana shiga ramin. Idan aka yi ta harba gajeren, zoben datti zai taru a inda bakinsa yake ƙarewa. Ranar da aka saka dogon ba a wanke ba, zoben zai matse bakin kwanson, ya hana shi sakin harsashi da sauƙi, matsi ya hau, kwanso ya maƙale. Shi ya sa kamfanin da kansa yake ba da shawarar a sayi ganga ta daban domin .45 Colt, ƙarin kuɗi ke nan. Wata matsalar ta bugun baya ce: duk harbi ɗaya yana fizgar bindiga baya da ƙarfi, harsasan da ke sauran ramuka su kuma suna neman tsayawa inda suke, sai su riƙa zamowa daga kwansonsu kaɗan-kaɗan. Idan ba a daƙe bakin kwanso sosai ba, kan harsashi zai leƙo daga gaban ganga ya tokare gindin bututu, bindiga ta kulle gaba ɗaya. Tsadar bindiga ba ta maganin wannan, ingancin harsashi ne yake magani.

Akwai kuma abin da nake ganin ya fi duka nauyi, maganar haɗari. Tsohon tsarin Colt, idan guduma tana kwance, tsinin da ke fasa harsashi yana zaune ne a kan gindin harsashin. Bindiga ta faɗi a kan gudumarta, sai ta tashi. Domin haka ne ƙa'idar masu ita ta zama a saka ɗaya, a tsallake rami ɗaya, a saka huɗu, a ja guduma a kwantar da ita a kan ramin da ba komai. Ruger ya magance wannan a 1973 da wani ɗan ƙarfe da ke shiga tsakanin guduma da tsini, wanda ba ya tasowa sai an ja kunama har ƙarshe, har ma kamfanin yana gyara tsofaffin ƙirarsa kyauta. Model 83 mai tsada, umarnin masu ƙera ta shi ne a bar ramin da ke ƙarƙashin guduma fanko. Biyar ta koma huɗu. A wannan fanni mai arahar ta fi mai tsadar, kuma ba ƙaramin fanni ba ne ga wanda ke da yara a gida.

Colt kanta labarinta daban ne. Wanda ya ba da wajen dala 2,000 ko fiye a kan sabuwar Single Action Army tarihi ya saya da sunan da ke jikin bututu da kuma launin ƙarfen jikinta mai kama da gajimare. An ƙera ta daga 1873 zuwa 1941, aka tsaya, aka dawo a 1956, aka sake sabunta ta a 1976. Ba ta fi Ruger ƙarfi ba, ba ta ma kai ta ba. Sifirin ɗinta falle-falle ne, kuma na ɗan haƙori da na ɗan yatsan da ke juya ganga an san su da karyewa, alhali Ruger tun Single-Six ta 1953 da Blackhawk ta 1955 sifirin mai murɗi yake sakawa, wanda da wuya ya karye. Abin da Colt take da shi shi ne riƙe daraja wajen sayarwa. Wannan hujja ce ta mai tara kayan tarihi, kuma ina girmama ta, amma hujja ce ta ajiya, ba ta aiki ba.

Masana a ƙasashen da doka ta yarda ba sa tambayar farashi kafin su duba abubuwa kaɗan, kuma dubawar ce take nuna ko kuɗin sun shiga ƙarfe ko sun tsaya a suna. Bayan an tabbatar babu harsashi, sai a ja guduma a hankali ƙwarai a kan kowane rami, a saurara. Ɗan haƙori ya kamata ya faɗa tsagarsa daidai lokacin da guduma ta kai ƙarshe ko kafin nan kaɗan. Idan guduma ta kama amma ganga tana buƙatar a ɗan taɓa ta kafin ta kulle, ɗan yatsan ya ci ko an yi shi gajere, kuma irin wannan bindigar ce take fetso darma. Sannan a riƙe ganga a gwada ta gefe da gefe, a gwada ta gaba da baya. Wasan gaba da baya idan ya haura wajen inci 0.004 ko 0.005, duk harbi gangar guduma take zama tana dukan jiki, wasan ya ƙaru. A zura siririn ma'aunin tazara a kan kowane rami, domin idan lambar tana canzawa fuskar gangar ba a miƙe take ba. Na ƙarshe shi ne bakin ramukan. Harsashin .45 faɗinsa inci 0.452 ne, kuma an sha samun Ruger da bakin raminta ya fi haka matsewa, sai ya matse harsashi ya rage shi kafin ya isa bututu, ya shiga yana sako-sako, iska ta bi gefensa ta narkar da darma ta shafe cikin bututu. Maƙerin bindiga mai lasisi yana gyara wannan da kuɗi kaɗan. Idan aka haɗa da gyaran kunama, Ruger ta dala 900 takan rufe mafi yawan ratar da ke tsakaninta da ta 3,000. Wannan shi ne abin da ya fi raunana hujjar masu tsada. Tun 2015 ma Ruger ya fito da Super Blackhawk mai rami biyar da ke cin .454, ga libarbar BFR ta kamfanin Magnum Research a tsakiyar farashi.

To su wa suka rage? Maharbin da ke bin manyan namun daji da ƙaramar bindiga a Alaska ko makamancinta, wanda harbi ɗaya mai nauyi a daidai wuri shi ne tsakaninsa da dabbar da ta ji rauni. Sai ɗan gasar harbin gumakan ƙarfe, inda ake jera siffar kaji a mita 50, aladu a 100, talotalo a 150, raguna a 200. A mita 200 bambancin inci ɗaya na kusa ya zama tazara mai faɗi, kuma a nan ne Freedom Arms ta yi sunanta. Sai wanda yake harba dubban harsasai masu nauyi duk shekara, wanda bindigar kasuwa za ta saki a hannunsa. Ga waɗannan kuɗin sun halatta. Masu wasan kaboyi da harsashi mai sauƙi a nisan taku kaɗan, Uberti ko Ruger Vaquero ta ishe su har ta yi saura.

Yanzu a dawo gida. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka yi a 1959 kuma take aiki har yau, ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka da danginta masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da lasisinsu. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da makamantanta, Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa, kowace iri ce, tsohuwa ko sabuwa, an saka su a kashin farko tare da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti: haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba wannan lasisi, hukuncinsa ɗaurin shekara goma ne aƙalla. A Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Babu shagon da zai sayar maka da ita bisa doka, babu kwastan ɗin da zai bar ta ta wuce. Duk wadda aka nuna maka a ɓoye aka ce daga waje ta zo, ba ka da hanyar sanin ko sunan da ke jikinta na gaskiya ne, ba ka san jinin wa ke kanta ba, kuma kuɗinka sun shiga aljihun mutanen da suke kai wa 'yan bindiga kaya ta iyakokin nan namu.

Ko da an ɗauke doka gefe, lissafin ba ya fita. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, dala 3,000 naira miliyan huɗu da rabi ce, kafin ganga ta biyu da harsashi. Harsashin .454 ko a Amurka ba kowane shago ba ne yake ajiye shi. Garantin kamfani da gyaran masana'anta, waɗanda suna cikin abin da aka biya, suna Wyoming. Ga yanayinmu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma idan ta haɗu da man da aka shafa wa sandan ganga sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin ainihin matsewar da aka kashe kuɗi dominta. Tazarar milimita 0.05 ba a yi ta domin hanyar Goronyo a kan babur ba. Da damina kuma kuben fata yana riƙe danshi, ƙarfe mai baƙin fenti irin na Colt ya fara tsatsa ta inda gumi ya taɓa. Namun dajin da suka rage wa maharbanmu, zomo da zabo da gada, bindiga mai baki ɗaya ce daidai da su.

Maganar kare kai ita ce ta fi damuna, domin tana fitowa ne daga ciwo na gaskiya. Mutumin Sabon Birni ko Isa ko Rabah da aka kora daga gonarsa, ko na Tangaza da Gudu da ke fama da Lakurawa, idan ya ce yana son abin da zai riƙe a hannu, ba wanda ya isa ya raina masa hankali. A Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga, kuma muhawarar ba ta mutu ba har yau. Amma a dubi kayan aikin da idon basira. Kafin a sake cika ɗana-ka-harba sai an buɗe 'yar ƙofar da ke gefe, a juya ganga rami-rami, a tura kowane kwanso waje da ɗan sanda, sannan a saka sababbi ɗaya bayan ɗaya, da yatsun da ke rawa, cikin duhu. Wanda ya zo maka yana ɗauke da AK-47 mai harsashi 30 a gida ɗaya, wadda take kaiwa mita 300, kuma ba shi kaɗai ya zo ba. Sojojin Amurka sun bar wannan tsari fiye da shekara ɗari da suka wuce saboda wannan dalilin. Harsashin .454 kuma idan ya kuskure ba bangon laka ko ƙofar langa-langa ne za su tsayar da shi ba, a gidajenmu da ɗaki yake manne da ɗaki. Mutum ya sayi abin da ba zai cece shi ba, wanda zai iya kashe na gida, wanda kuma zai kai shi kurkuku ranar da aka yi binciken kan hanya.

Miliyan huɗu da rabin nan idan mai hali yana son ya kashe su a kan tsaro, akwai inda za su yi aiki: fitilun sola a mashigar gari, rediyon oba-oba ga masu sintiri, man babur, da kuɗin maganin wanda ya ji rauni. Gwamnatin Ahmed Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2024, kuma abin da ya kamata mu matsa a kai shi ne horonsu, albashinsu a kan lokaci, rajistar duk makamin da ke hannunsu da lambarsa, da hukunta wanda ya wuce gona da iri. A matakin tarayya kuma, a buɗe hanyar lasisi mai tsabta ga maharba da manoma a kan bindigogin da doka ta riga ta yarda da su, da tantancewa ta hannun hakimai da sarakunan baka, maimakon rufe ƙofa gaba ɗaya wanda ba ya hana ɗan ta'adda komai.

Saura mutum ɗaya da wannan magana ta shafa kai tsaye a garin nan, wanda ya tarar da tsohuwar libarba cikin kayan gado, ta kakan da ya yi aikin soja ko na En'e. Kada ya gwada harba ta. Colt ba ta ba da tabbacin bindigoginta a kan albarushin zamani ba sai daga 1900, kuma waɗanda suka girmi haka an yi su ne domin baƙin albarushi, harsashin yau yana iya fasa gangarsu a hannu. Kada kuma ya kai ta a goge da sanfefa ko a yi mata sabon fenti, domin duk darajar tarihinta tana cikin tsohon launinta da lambobin da ke jikinta. Ajiye ta a ƙarƙashin gado laifi ne mai shekara goma ko da ba ta taɓa tashi ba. Ya sanar da mai unguwa ko hakimi, a tafi tare ofishin 'yan sanda, a miƙa ta, a karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata. Ita kuma gwamnatin jiha ya kamata ta shirya da rundunar 'yan sanda da Cibiyar Kula da Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa yadda irin waɗannan, bayan an kashe su ta yadda ba za su sake tashi ba, za su tafi gidan tarihi na Waziri Junaidu da sunan gidan da suka fito a rubuce, maimakon a haɗa su da tarkacen da ake ƙonawa.